Reshen Magaryar Kura a Benen Stenhoek

A zauren shiga na benen Stenhoek, a tsakiyar Johannesburg, akwai wani allon tagulla da aka kafe a bango tun ranar buɗe ginin. An zana a kai cewa kamfanin haƙar zinariya ne ya gina shi, hawa arba'in da takwas, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba a wurin aikin. Khethiwe Mthiyane ta tsaya ta karanta shi har ƙarshe, da reshen magaryar kura cikin jakar leda a hannunta. Ita dai ta san an rasa aƙalla ɗaya, tunda shi ta zo ɗauka.

"Sisi, me ya ce?" in ji ƙaninta Velaphi, wanda haka yake kiranta, wato Yaya, ya kuma baro tabaransa a gida kamar kullum.

"Ya ce Baba bai mutu ba."

"To madalla. Mu koma mu gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta, aiki ne ya riƙe shi."

Benen ya ga duniya. A shekarunsa na farko Turawa masu kwat ne ke hawansa, baƙar fata kuwa sai ta ƙofar baya, da tsintsiya a hannu. Da mulki ya juya, kamfanin ya tattara teburansa ya koma unguwannin arewa, ya bar ginin ga tantabaru. Sai wasu ƙarti suka fasa ƙofa suka mai da shi gidan haya, ba wuta ba ruwa, jama'a na watsa shara a ramin lifta har ta taru ta wuce hawa na biyar. Daga baya wasu masu hali suka saye shi, suka kwashe sharar, suka shafa fenti ruwan lemo, suka zuba ɗalibai a rabinsa na ƙasa. Rabin sama yana nan yadda aka bar shi. Duk wanda ginin ya faɗo hannunsa sai ya sa a goge allon tagullar nan ya yi ƙyalli. Ba a taɓa samun wanda ya sa a gyara abin da ke rubuce a kai ba.

Bhekumuzi Mthiyane lebura ne cikin masu ɗaura ƙarafa. Igiyar ɗaga kaya ta tsinke a hawa na arba'in da biyu, ƙarfe ya danne shi, lokacin Khethiwe ba ta daɗe da shiga makaranta ba, Velaphi kuwa yana goye. An aiko da akwatinsa a rufe har ƙauyensu da ke gefen Nongoma, aka binne. Amma ba wanda ya je ya ɗauko shi kansa daga inda ransa ya fita, don a zamanin nan mutumin ƙauye ba ya shiga birni sai da takardar fas, kuma ba a ba da fas don ɗauko matacce. Da fas ɗin ya kau, ginin ya zama wurin da ko 'yan sanda sai sun yi ayari suke shiga. Haka shekaru suka yi ta tafiya.

Yanzu matarsa MaZungu ta haura tamanin, tana kwance, ba ta karɓar komai sai ruwa. Khethiwe ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta san irin numfashin nan, ta san tuntuni ya kamata a ce tsohuwar ta cika. Ta ƙi.

"Ba zan je can in tarar ba ya nan ba," in ji tsohuwar. "Ku je ku zo min da shi. Ke za ki riƙe reshen."

"Mama, ga namiji a gidan."

"Wannan? Kafin ya fita ƙofar ginin ya gai da mutum goma. Saurara. In kin kira shi ya hau reshen, bakinki ya rufu ga masu rai har sai kin shigo ɗakin nan. Ba kya waiwaye. Duk inda aka tsaya ki gaya masa an tsaya, duk inda aka tashi ki gaya masa an tashi, kada ya ɓata a hanya. In kika amsa wa mai rai ko da kalma ɗaya, nan zai sauka."

Khethiwe ta rufe idanun mamata da yawa a asibiti, ba ta taɓa ganin wanda ya biyo ta gida ba. Amma ba a yi wa mai irin wannan numfashi gardama. Ta yanko reshen da kanta.

Mai riƙe da makullan benen wata 'yar ƙabilar Sotho ce mai jiki, Puleng, da rigar kamfanin tsaro wadda ta yi mata kaɗan. Ta leƙa jakar ledar, ta dubi Khethiwe, nan take ta rage murya, ta kira ta Gogo, wato kaka.

"Gogo, ɗaukar mutum kuka zo yi?"

"Mahaifinmu. Hawa na arba'in da biyu."

"Kai. Tun da na kama aiki a nan ban ga an shigo da reshe ba, wanda na gada ma bai taɓa ba ni labari ba. Liftar ɗalibai ba ta zuwa can, sai ta kaya. Ita kuma tana da halinta, inda ta ga dama take tsayawa."

"Kamar matata ke nan," in ji Velaphi.

"Baba, da wannan bakin har ka samu wadda ta zauna?"

"Ta zauna mana, kurma ce."

Liftar kaya ɗaki ce guda, bangonta duk karce, ƙasanta ƙarfe. Ta kai su sama ba tare da ta tsaya ko'ina ba, har Puleng ta ce yau ta tashi da ƙafar dama. Ƙofa ta buɗe kan wani fili fetal. An cire bangayen ofisoshi, wayoyi na reto daga rufi, kashin tantabaru ya yi kauri a ƙasa. Ranar hantsi ta cika wurin ta tagogin da ba su da gilashi. Daga nan ana hango tulin ƙasar ma'adinai, rawaya, can ƙarshen gari.

Ba wanda ya san daidai inda abin ya faru. Khethiwe ta zaɓi gindin wani ginshiƙi ta ɓangaren gabas, ta durƙusa da ƙyar, Velaphi ya kunna ganyen turare a murfin gwangwani. Ta fito da reshen ta kwantar da shi a ƙasa. Kunya ta kama ta, tsohuwa da takardun shaidarta tana shirin yi wa siminti magana. Ta yi gyaran murya, ta yi wa uban kirarin zuriyarsu kamar yadda uwar ta koya mata.

"Baba, ni ce Khethiwe. Ga Velaphi, wanda ka bari a goye, yanzu har sanƙo gare shi. Mun makara, ka yi haƙuri. Mama na jira. Tashi mu tafi gida."

Ba abin da ya faru. Hayaƙin turaren ya miƙe sama, tantabara ɗaya ta tashi. Khethiwe ta ɗauki reshen, ta miƙe, ta nufi lifta ba ta waiwaya ba. Reshen ya ɗan fi ɗazu nauyi, amma ta san hannun da aka dogara da shi a ƙasa yakan yi haka.

"Baba, mun shiga lifta. Sauka za mu yi."

Ta tsaya dab da ƙofa, fuskarta na kallon waje, su biyun a gefenta. Liftar ta sauka kaɗan, ta yi tsaye, ƙofa ta buɗe. Wani filin ne irin na sama, babu kowa.

"Ta fara," in ji Puleng, tana danna maɓalli.

"Baba, mun tsaya, amma ba nan ba ne," Khethiwe ta ce da ƙarfi, yadda ake yi wa mai nauyin ji. "Kada ka fita. Gida za mu."

Ƙasan liftar ya ɗan nutsa, kamar yadda yake yi in mutum ya tako. Ƙofa ta rufe.

A hawa na gaba ma ta tsaya. Khethiwe ta maimaita maganarta, ƙofa a buɗe, muryarta na tafiya cikin filin tana dawowa. Gida za mu. Ƙasan ya nutsa, ya sake nutsawa. Wani wari ya shigo, na ɗanyen siminti da gumi da taba, a ginin da aka gama zuba simintinsa shekara hamsin da suka wuce.

"Wa ke shan taba a nan sama?" in ji Velaphi. Puleng ta matsa jikin bango, ta tattare hannuwanta a ƙirji kamar wadda ke cikin cunkoso, ga fili kuwa ko'ina.

Haka liftar ta dinga yi, hawa bayan hawa. Khethiwe ta koma riƙe reshen da hannu biyu. Ta gaya wa kanta tsohuwar igiya ce ke miƙewa, ta gaya wa kanta ba ta karya kumallo ba. A wani hawa cikin na talatin da wani abu, ƙofa ta buɗe, ƙasan ya nutsa, sai ƙararrawa ta ɗauki kuka, wata jar fitila ta kama a saman maɓallan.

"Mene ne kuma?" in ji Velaphi.

"Wai kaya sun yi yawa." Puleng ta nuna fitilar. "Liftar nan firji shida na sa mata rannan, ba ta ce uffan ba."

"To fita mana, 'yata, mu gani. Ba don wani abu ba."

Puleng ba ta ko harare shi ba, ta fita da sauri. Ƙararrawa ba ta daina ba. Velaphi ya fita shi ma. Saura tsohuwa ɗaya da reshe, jar fitilar na nan a kunne, ƙararrawa na tsaga kunne.

Velaphi ya dube ta daga waje, ya dubi bayanta, wasan ya bar fuskarsa.

"Sisi, kin san abin da kika yi? Ƙofa a buɗe kike ta shelar gida za mu, gida za mu. Wa ya gaya miki shi kaɗai ne a nan? Mutanen Lesotho, na Mozambik, na Malawi, wa ya taɓa zuwa ɗaukarsu? Kowa ya ji an ce gida." Ya matso bakin ƙofar. "Ba a shiga da baƙin matattu gida, kin sani. Ba mu san sunansu ba, ba mu san me suke so ba. Ga jikoki a gidanmu. Sallame su."

Ba ta da damar amsa masa. Amma matattu an yarje mata ta yi musu magana, kuma korar 'yan dubiya daga ɗakin majinyata aikinta ne na shekaru. Ta ɗauko muryar nan.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri. Mutum ɗaya na zo ɗauka, Bhekumuzi Mthiyane. Duk wanda ba shi ba, ya fita."

Sai ƙasan liftar ya fara ɗagowa, kaɗan-kaɗan. Wani sanyi ya dinga gifta ta ta dama da hagu, yana kaɗa gefen zanenta. Ba hayaniya, ba gardama. Mutanen da suka saba a ce musu su fita ne. Ƙararrawa ta yi shiru, fitilar ta mutu.

"Yauwa," in ji Velaphi, ya sa ƙafa zai shigo.

Khethiwe ta dubi reshen. Ya koma sakayau, kamar lokacin da ta yanko shi. Har ɗan nauyin nan na farko, wanda ta ɗora wa hannunta laifinsa, babu shi.

"Baba?" ta ce. "Baba, ban da kai."

Ba abin da ya dawo. Sai ta tuna wani hutun Kirsimeti, na ƙarshe da ya zo, tana zaune a ƙafarsa yana ba maƙwabta labarin aikin. Ya ce in an tashi, kejin ƙarfe ɗaya irin na lifta ke sauko da su, kuma a ƙungiyarsu ba a barin mutum a sama. In kejin ya cika, ko a jira a sauka tare, ko a bi matakala tare. Wani Bature ya taɓa cewa a bar mutum biyu su jira zuwa na gaba, sai duk suka fito suka zauna a kan ƙarfe har ya gaji ya ƙyale su. Maƙwabta suka yi ta dariya ranar.

Ta tsaya a bakin lifta, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. A gabanta fili ne da rana da ƙura, ƙurar kuwa ba ta kwanta ba, tana tsaye a iska a wurare da yawa, daidai tsayin mutum. Za ta iya sauka da wannan icen haka, ta kai wa uwar, ta ce ga shi. Tsohuwar da ko ganin kirki ba ta yi. Velaphi ba zai tona ba. Ita da ba ta yarda da abin ba tun farko, me zai dame ta?

Ta fito daga liftar gaba ɗaya.

"Baba, na ji. Ku taho duka. Lifta ba za ta ɗauke mu ba, matakala za mu bi."

"Sisi!" in ji Velaphi. "Sisi, kin haukace? Ina za mu kai su? Da gwiwar taki za ki sauka hawa talatin?"

Reshen ya yi ƙasa da hannunta har sai da ta tare shi da cinya. Ta rungume shi a ƙirji, ƙayoyin suka shiga rigarta. Puleng ta ruga ta buɗe ƙofar matakala, ta liƙe a bango, ta sunkuyar da kai, ta daɗe a haka bayan Khethiwe ta wuce.

Matakalar ba taga, sai fitilar wayar Velaphi da ke gaba yana haska mata. A kowace kwana takan tsaya ta ce an tsaya, ta ce an tashi. Takalminta na roba ne, na Velaphi ma haka. Amma a bayanta ƙarar manyan takalman aiki ce, da yawa, a hankali, suna rage sauri in ta rage, suna tsayawa in ta tsaya. Wani a cikinsu yana jan ƙafa ɗaya. Wani yana tari irin na wanda ƙura ta cinye wa ƙirji, tarin da ta sani sarai, har bakinta ya buɗe zai tambayi tun yaushe. Wuyanta ya yi ta ƙaiƙayin juyawa. Velaphi ya waiwaya sau ɗaya, ya haska bayanta, bai ƙara ba, kuma bai faɗi abin da ya gani ko bai gani ba.

Da suka iso rabin ɗalibai, wasu 'yan mata biyu na zaune a matakala suna cin burodi da soyayyen dankali. Suka ga tsohuwa da reshe, suka miƙe suka ba da hanya. Ta wuce, ƙaninta ya wuce, amma ba su koma sun zauna ba. Ta ji ɗaya tana ce wa ɗayar a hankali, "Tsaya tukuna."

Rana ta take tsaka lokacin da suka fito titi. Jini ya ɗan ɓata gaban rigarta inda ƙaya ta kama. A tashar motocin nesa Velaphi ya je zai karɓi kujera uku, tasa da tata da ta uban, kamar yadda aka saba.

"Baba," Khethiwe ta ce wa reshen da ƙarfi, "ɗanka zai ɗauki motar gaba ɗaya, kowa ya samu wurin zama."

"Ka ji ta ko?" Velaphi ya ce wa direban. "Ba ta magana da masu rai, amma aljihun masu rai take yi wa hukunci."

Direban ya ga reshen, ya kashe rediyo, bai tambayi komai ba. Sai da suka hau babban titi ya fara tsaki, yana sauya giya.

"Baba, duwatsu kuka zuba min a baya? Mota ba kowa tana tafiya kamar ta ɗauko 'yan biki."

"Tuƙa kawai, ɗana. Kada ka duba madubi da yawa."

Ta gaya musu kowace tsayawa. Ta gaya musu an tsaya shan mai, ta gaya musu ana ƙetare kogi, ta gaya musu an bar kwalta. Wajen la'asar ta lura ta daina cewa Baba, ta koma cewa ku. Ta yi tunanin jikokin da ke gidan, da abin da dattawan dangi za su ce, da mutanen da aka kawo ƙasar da ba tasu ba, cikin harshen da wataƙila ba sa ji.

Rana na dab da faɗuwa suka isa. Karnukan gidan, da ba sa barin ko akuya ta wuce, suka fito da gudu, suka yi turus, suka kwanta a ƙasa. Khethiwe ta bi ta shingen shanu kamar yadda ake yi, ta ce an iso, ta nufi ɗakin uwar. Matan da ke jinya suka fito suka ba ta wuri.

MaZungu, wadda sai an juya ta, tana zaune a kan gado ta jingina da bango. Ba ta dubi 'yarta ba, ba ta dubi reshen ba. Ta bayan kafaɗar Khethiwe take kallo, idonta na tafiya daga nan zuwa can, a hankali, kamar mai neman nata a cikin taro. Can ya tsaya.

"Ji shi," ta ce. "Ko furfura ɗaya. Ni ka bari da tsufa." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da sauti. "Kuma halin nan naka na nan. Ka kwaso baƙi ba ka aiko an ɗora tukunya ba."

Khethiwe ta ajiye reshen a gefen gadon. Hannuwanta suka ƙi miƙewa.

"Mama," ta ce, muryarta a dishe, "ban san su ba. Ya ƙi tahowa ne sai da su."

"Na san zai ƙi. Velaphi! Akuyar nan da ka ɗaure ba za ta isa ba, a kamo bijimi." Ta koma ta kwanta a hankali, fuskarta na kallon ƙofa, numfashinta ya fara yin nisa tsakani. "Ke kuma riƙe musu labulen. Ba a barin baƙo a waje da magariba."

Khethiwe ta ɗaga labulen ƙofar ta riƙe, ta kafa idonta a ƙasa. Sanyin ya fara wuce ta, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan jinkiri a bakin ƙofa kamar mai goge ƙafa. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da akwati. Ta ji lokacin da numfashin uwar ya tsaya, ta san shi kamar yadda ta san sunanta, amma ba ta saki labulen ba, don ba su gama shiga ba. Hannunta ya gaji, ta sauya ɗayan.